El Anatsui: abin da ƙauye ya zuba a hannun mai ɗinka murafen kwalba

A watan Oktoba na 2023 aka rataye wasu manyan abubuwa guda uku a babban zauren gidan fasaha na Tate Modern da ke Landan. Wanda ya hango su daga bakin ƙofa zai rantse yadi ne na alfarma, ja da ruwan zinare da baƙi, irin wanda ake shimfiɗa wa sarki ranar hawa. Sai ya matso ya ga ashe murafen kwalba ne, dubbai a kan dubbai, an daddaƙe su an ɗinke da siririyar wayar jan ƙarfe. Mai aikin wani dattijo ne ɗan Ghana, El Anatsui, yana da shekara 79 a lokacin, kuma fiye da rabin rayuwarsa a Nsukka ta jihar Inugu ya yi ta, inda ya daɗe yana koyarwa.

Irin aikinsa shi nake kira fasahar haɗe-haɗe. Mai yin ta ba ya tsayawa kan fenti kaɗai ko sassaƙa kaɗai. Katako, yumɓu, gwangwani, tsumma, waya, duk abin da hannunsa ya kai gare shi yana iya shiga aiki. Ana yawan cewa masu wannan fasaha da suka tashi a karkara suna da wata baiwa ta daban, kuma ana yawan kawo Anatsui a matsayin hujja. Na yarda da maganar, amma yadda ake faɗinta ya yi sauƙi da yawa. Labarin mutumin nan ya fi haka sarƙaƙiya, shi ya sa na ga ya cancanci a bi shi daki-daki.

Anyako da gidan mishan

An haife shi a 1944 a Anyako, wani ƙaramin garin ƙabilar Ewe a yankin Volta, kudu maso gabashin Ghana, lokacin ƙasar tana hannun Turawan Ingila. Garin yana zaune a bakin tafkin Keta, ruwa ya kusa kewaye shi. Tafkin mai gishiri ne, siririn tudun yashi kawai ya raba shi da teku. Idan ruwa ya cika, masunta su shiga da kwalekwale. Idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, gishiri ya kwanta a ƙasa fari fat, mutane su fita kwasa. Mahaifinsa masunci ne kuma masaƙi, shi kuwa El shi ne auta cikin 'ya'yansa 32.

Saƙar Ewe, wadda duniya ta fi sani da sunan kente, maza ne ke yin ta a kan siririn masaƙa. Abin da ke fitowa bai wuce faɗin tafin hannu ba, amma dogo ne. Sai an jera irinsa da yawa gefe da gefe an ɗinke kafin a sami zane guda. Duk wanda ya taɓa ganin masaƙan gargajiya na ƙasar Hausa ya san wannan tsari. Masunci kuma rabin aikinsa a kan tudu yake yi, yana zaune yana ɗaure ragar da ta yage, ƙulli bayan ƙulli. Wanda ya san aikin Anatsui na yau, da ya ji wannan sai ya ce to ai ga tushe nan, an gama magana: ɗan masaƙi ya girma ya saƙa ƙarfe.

Sai dai yaron bai tashi a gaban mahaifinsa ba. Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, kawunsa ya ɗauke shi. Kawun fasto ne na cocin Presbyterian, don haka El ya girma a gidan mishan, inda gida da coci da makaranta suke cikin harabar guda. Waƙar coci, karatun boko, tsabta, bin lokaci. Kiɗan ganga da bukukuwan gargajiya suna can waje, kuma a idon mishan na wancan zamani abubuwan da ake nesanta yaro da su ne. Shi da kansa ya sha faɗin cewa a ware ya tashi daga al'adun mutanensa. Abin da ya fara jan hankalinsa a matsayin zane shi ne haruffan da malami ke rubutawa a allo. Tun bai iya karanta su ba yake kwaikwayon siffarsu da alli, har hedimasta ya lura ya riƙa ƙara masa allin.

Wannan wurin shi ne zuciyar lamarin a ganina. Yaron yana cikin karkara, yana shaƙar iskarta, yana ganin masu kifi da masu noman ƙananan albasa a kan yashin gaɓar nan, yana ganin yadda talaka ke gyara abu maimakon ya jefar. Amma akwai katanga tsakaninsa da ma'anar abubuwan. Ya sami idon ɗan ƙauye, ya kuma sami ƙishirwar wanda aka hana shi shiga ɗakin kakarsa. Da ya tashi a gindin masaƙar mahaifinsa, wataƙila da ya zama masaƙi nagari, shi ke nan. Ƙishirwar ce ta sa ya zama mai bincike.

Kumasi da Winneba

Ghana ta sami 'yanci a 1957 yana ɗan shekara 13. A tsakiyar shekarun 1960 ya shiga kwalejin fasaha ta jami'ar kimiyya da fasaha da ke Kumasi, ya kammala a 1969 da ƙarin takardar koyarwa. Manhajar daga Ingila aka kwaso ta: zana jikin mutum, ƙera mutum-mutumi da filasta, tarihin masu zanen Turai. Gidan mishan na biyu ke nan, in ana son gaskiya. Amma a lokacin iskar da Kwame Nkrumah ya kaɗa ba ta gama kwantawa ba, kuma kalmar sankofa tana bakin masu fasaha. Kalmar ƙabilar Akan ta Ghana ce, ana zana ta da siffar tsuntsu ya waiwaya baya, ma'anarta koma ka ɗauko abin da ka bari. Anatsui ya riƙa zuwa cibiyar al'adu ta Kumasi yana zama wurin masassaƙa da masu buga tambarin adinkra a kan yadi, yana kallon hannunsu.

A lura da wani abu: adinkra na Akan ne, ba na Ewe ba. Abin da ya koma ya ɗauko da farko ma ba na garinsu ba ne. Daga baya a Najeriya zai ɗauki zanen uli na Ibo da alamomin nsibidi na yankin Kuros Riba. Don haka idan aka ce ƙauye ya gina shi, ba ana nufin ya gaji wata alama guda daga Anyako ya riƙe ta har tsufa ba. Abin da ya gada shi ne girmama aikin hannun talaka, a duk inda ya same shi.

Daga 1969 zuwa 1975 ya koyar a kwalejin horar da malamai ta Winneba, garin masunta a bakin teku. A nan ne ya yi abin da ya zama harsashin duk aikinsa. Ya duba kasuwa ya ga farantan katako masu faɗi da mata ke baza tumatir da kifi a kai. Ya samo su, ya sa ƙarfe a wuta har ya yi ja, ya riƙa ƙona alamomi a tsakiyarsu, kamar yadda masu zanen ƙwarya ke yi. Sai ya rataye su a bango. Malamin da aka koya wa cewa sassaƙa na ƙwarai da marmara ko tagulla ake yin ta, ga shi ya ɗauki farantin mai tallan kifi. Tun daga nan ra'ayinsa bai sauya ba, kuma ya sha maimaita shi: mai fasaha ya fi dacewa ya yi aiki da abin da muhallinsa ya jefo masa.

Nsukka, ƙauye na biyu

A 1975 ya karɓi aikin koyar da sassaƙa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka. Shekara biyar ke nan da ƙare yaƙin basasa, kuma jami'ar tana cikin wuraren da yaƙin ya ragargaza. Shugaban sashen fasaha a lokacin Uche Okeke ne, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, ya yi karatu a Zariya, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958 tare da su Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo. Abin da suka yi wa tawaye a Zariya shi ne dai abin da ya ishi Anatsui a Kumasi: a koya wa ɗan Afirka zane kamar ba shi da kaka. Okeke ya kawo wannan tunani Nsukka, shi da Chike Aniakor da Obiora Udechukwu suka duƙufa kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Baƙon daga Ghana ya tarar da gida.

Nsukka garin jami'a ne amma ƙauyuka ne suka kewaye shi, ga jar ƙasa, ga tuddai, ga gonakin rogo da kwakwar manja. Ba Legas ba ce, babu manyan dillalan zane, babu masu kuɗin da za su zo su ce ga irin abin da muke so. Ya zauna a nan yana koyarwa har 2011, shekara 36.

Aikinsa na farko mai nauyi a Nsukka da yumɓu ya yi shi, kuma a 1979 ya nuna shi da sunan Broken Pots, wato fasassun tukwane. Yakan gina abu, ya fasa ko ya tsaga, ya sake haɗawa da tabon a fili. Wasu daga cikinsu sun ɗauko kamannin kawunan yumɓun Nok da aka tono a kudancin Kaduna. A nan ne na fi ganin ƙauye ƙarara. A birni, tukunya ta fashe an share an kai bola. A ƙauye kuwa fashewa farkon wani aiki ne. Ni kaina na tashi na ga kakata ba ta taɓa barin a jefar da fasasshiyar randa: babban ɓangaren ya zama kaskon suyar gyaɗa, matsakaicin a zuba wa kaji ruwa a gindin rumbu, tsingaron kuma mai ginin tukwane ta zo ta karɓa ta daka ta cuɗa da sabon yumɓu don kada sabuwar tukunya ta tsage a wuta. A wurin Ewe akwai ƙari a kan haka, domin a fasasshiyar tukunya ake ajiye abin da aka miƙa wa magabata. Anatsui ya ɗauki wannan sani na mata da masu tukwane ya ɗora shi a kan halin da ƙasashen biyu ke ciki: ƙasar Ibo da ke ƙoƙarin miƙewa bayan yaƙi, da Ghana da tattalin arzikinta ya durƙushe a hannun sojoji. Bai zana soja ko gawa ba. Tukunya ya fasa ya ɗinke, kuma duk wanda ya tashi a karkara ya gane abin da ake faɗa.

A 1980, a wani zaman aiki da ya je a Cummington ta jihar Massachusetts a Amurka, ya ɗauki zarto mai inji don yanka itace, sai ya tsaya kallon irin raunin da haƙoransa ke bari a jikin katako. Ya dawo da shi Nsukka ya mai da shi alƙalami. Yakan jera filayen katako iri-iri gefe da gefe, fari da ja da baƙi, ya yayyage su da zarton, ya babbake da wuta, ya sa ɗan launi. Ya kwatanta wannan yanka da yadda Turawa suka zauna a Berlin a 1884 zuwa 1885 suka yayyanka Afirka a kan takarda. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne filayen ba a manne suke ba. Wanda ya rataye su yana iya sauya jerin. Siraran abubuwa da ake jerawa su zama abu guda: masaƙar mahaifin da bai zauna da shi ba ta fara leƙowa, ko da shi bai lura ba a lokacin.

Teku ma ta leƙo. A 1996 a Denmak ya tsinci itatuwan da ruwa ya kaɗo gaɓa, ya ƙona kawunansu a maƙera, ya tsayar da su kamar taron mutane, ya sa wa aikin suna Akua's Surviving Children, 'ya'yan Akua da suka tsira. Maganar cinikin bayi ce da 'yan Denmak suka yi a gaɓar Ghana. Wannan ba tarihin littafi ba ne a wurinsa. A Keta, inda ya yi sakandare, akwai ganuwar Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a 1784, inda aka tsare bayi, kuma teku ta riga ta cinye wani sashe nata kamar yadda ta cinye unguwanni na garin.

Turmi, magogi, gwangwani, murfi

A shekarun 1990 ya shiga tara kayan da ƙauyukan Nsukka suka gama da su. Tsofaffin turame da aka daka kwakwar manja a ciki har gindinsu ya huje. Magogin rogo, wato fallen ƙarfen da ake hudawa da ƙusa don goge rogon garin kwaki. Idan ya dakushe ya yi tsatsa sai a yar, shi kuma ya tattaro su ya ɗinke ya tayar da wata doguwar katanga a shekarar 2000 mai suna Crumbling Wall, wadda haske ke ratsa ta ta dubban hujoji. Murafen gwangwanin madarar Peak ma ya tara su ya haɗa da waya ya yi tsibi-tsibi da su. Dalilinsa a kan duk waɗannan guda ne: abin da hannun mutane ya daɗe yana taɓawa yana ɗauke da wani abu nasu. Sabon falle daga kanti ba shi da labari. Magogin da wata mata ta goge rogo da shi shekara da shekaru, har wataƙila ya sha jinin yatsunta, yana da shi.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ya ci karo da wani buhu da aka yar a daji kusa da Nsukka, cike da murafen kwalaben giya na alminiyon. Masu kamfanonin giya suna sake amfani da kwalba, murfin kuwa ba su da buƙatarsa. Ya kai buhun ɗakin aikinsa ya ajiye, ya yi watanni bai san abin da zai yi da shi ba. Wannan ajiya ita ma ɗabi'ar ƙauye ce: a sa a lungu, wata rana zai yi amfani.

Ga yadda aikin yake idan aka matso kusa. Murfin yana da kai mai zagaye da kuma wuya. Ana yanke wuyan a miƙar da shi ya zama ɗan siririn falle, a ɗora kan katako a buga ya kwanta. A huda kusurwoyinsa da basilla, a zura guntuwar wayar jan ƙarfe ta cikin hujinsa da na maƙwabcinsa, a murɗe. Kan murfin ana iya barinsa da zagayensa, ko a naɗe shi, ko a matse shi. Siririn zoben da ke saura a wuyan kwalba shi ma ana haɗa irinsa ya ba da wani abu kamar raga, ana hango bayansa. Ciki fari ne kamar azurfa, baya kuma ja ko baƙi ko ruwan ɗorawa, da sunan giyar a rubuce. Kowane ƙulli yana motsi, shi ya sa ƙarfen yake lanƙwasa kamar yadi. Ana fara haɗa ƙananan ɓangarori, kowanne da launinsa da salon ɗinkinsa, a tara su jibgi. Sai shi maigidan ya sa a baza su a ƙasa, ya tsaya yana kallo, a matsar da wannan, a ɗauke wancan, ya ɗauki hoto, gobe a sake. Sai ya gamsu a ɗinke su gaba ɗaya.

Mutum ɗaya ba zai iya wannan ba ko zai shekara ɗari. Samari gommai ne daga Nsukka da ƙauyukanta suke zaune suna huda da murɗa waya, da yawansu masu jiran samun gurbin karatu. Biyu daga ayyukan da ya kai babban baje kolin fasaha na birnin Venice a Italiya a 2007 ya sa musu suna Dusasa, kalmar Ewe da ke nufin abin da mutanen gari suka taru suka harhaɗa. Da Hausa gayya ke nan. Makarantar Turai ta koya masa cewa mai fasaha mutum ne shi kaɗai a ɗaki da baiwarsa. Ƙauye ya san cewa ba a jan taru da hannu biyu, ba a yin rufin ɗaki sai an kira maƙwabta.

Na san akwai mai karatun da zai ji kalmar giya ya ɗaure fuska. Aikin ba yabon giya yake ba. Anatsui ya bayyana cewa murafen suna tuna masa da cewa barasa tana cikin kayan farko da Turawa suka kawo gaɓar Afirka ta Yamma, ana musayarta da mutane. Mutanen a kai su gonakin rake a tsallaken teku, raken a mai da shi barasa, barasar ta dawo a sake sayen wasu mutanen. Ɗan gaɓar Keta yana da haƙƙin ya yi wannan magana, kuma ya yi ta da shara, ba tare da ya zana fuskar kowa ba.

Rigimar kente

Ayyukan farko na murafe, Man's Cloth da Woman's Cloth, zanen namiji da zanen mace, an nuna su a Landan a 2002, gidan tarihi na Birtaniya ya saye su. Daga nan masu sharhi suka kama kente suka riƙe. Ɗan masaƙi ne, launukan ja da ruwan zinare da baƙi ne, sunan ma zane ne, me ya rage? Shi kuwa daga baya ya nuna bai ji daɗin yadda aka taƙaita shi a nan ba. Ya ce shi mai sassaƙa ne, launukan ba shi ya zaɓa ba, haka kamfanoni suka buga murafensu, kuma abin da yake nema shi ne siffar da ba ta daskare wuri guda ba.

Ina ganin yana da gaskiya, kuma dalilin ya wuce shi kaɗai. Idan mai fasaha ya fito daga ƙauyen Afirka, kasuwar duniya tana son ta ɗaure shi da ƙauyen kamar akuya a turke. Duk abin da ya yi sai a ce al'adarsu ce, kamar ba tunaninsa ba ne, kamar hannunsa ne kawai ya motsa kakanni suka yi sauran. Ba a yi wa ɗan Faransa haka. Amma kuma ba zan bi shi har ƙarshe in ce saƙa ba ta da hannu a ciki ba. Ido yana gani. Abin da zan ce shi ne tasirin ya shiga ta hanyar tsari, ba ta hanyar ado ba: ƙaramin abu a haɗa da ƙaramin abu har a rufe bangon fada, kuma a bar shi ya iya naɗuwa.

Wannan naɗuwa tana da amfani na zahiri. Aikin da zai rufe bangon bene ana iya ninke shi a sa a akwati a fitar da shi daga Nsukka. Kuma ba ya aika wa gidajen fasaha umarnin yadda za a rataye shi. Su lanƙwasa shi yadda suka ga ya dace da wurinsu, gobe a wani gari a rataye shi daban. Ma'aikatan gidajen tarihi da suka saba da awo da ma'auni abin ya riƙa ɗaure musu kai. Ga wanda ya san yadda zane guda yake zama mayafi yau, goyo gobe, shimfiɗa jibi, babu abin mamaki.

Abin da zaman karkara ya ci masa, da abin da ya ba shi

Ya biya farashi. Ko da yake an nuna aikinsa a Venice tun 1990, babbar shahara ba ta zo ba sai 2007, lokacin da aka lulluɓe gaban wani tsohon gidan sarauta na birnin, Palazzo Fortuny, da murafensa. Yana da shekara 63. Abokan aikinsa da ɗalibansa da dama sun bar Najeriya a shekarun da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 da mulkin soja suka tagayyara jami'o'i, wasu suka sami suna a waje tun da ƙuruciya. Shi ya zauna. Da ya koma Landan ko New York a 1985, da wuya ya ci karo da magogin rogo, da wuya ya sami fili da hannayen da irin wannan aiki ke ci, kuma da kuɗin haya ya tilasta masa yin abin da zai sayu da wuri. Albashin jami'a, komai ƙanƙantarsa, ya ba shi damar ajiye buhu a lungu ya jira. Daga baya lambobin yabo suka biyo: Zakin Zinare na Venice a 2015, babbar lambar Praemium Imperiale ta Japan a 2017.

Akwai abubuwa biyu da ke damuna, kuma ba zan ɓoye su ba. Na farko, gayya ta gaskiya kowa yana cin amfaninta, yau gonarka gobe tawa. A nan kuwa suna ɗaya ne ke kan bango. Samarin ana biyansu, aikin ya zama musu hanyar abinci da ta karatu, kuma tsarin masu taimako tsoho ne a fasahar duniya. Duk da haka, idan aiki guda ya haura dala miliyan ɗaya a gwanjo, kamar yadda Paths to the Okro Farm, hanyoyin gonar kuɓewa, ya yi a New York a 2014, dole mutum ya tuna da yatsun da waya ta huda. Kuɗin gwanjo ma galibi aljihun wanda ya sayar yake shiga, ba na mai aikin ba, balle na yaransa. Na biyu, manyan ayyukan suna Landan, Paris, New York. Matar da magoginta ya shiga katangar nan ba za ta taɓa ganinta a tsaye ba. An yi ƙoƙari, misali baje kolin da cibiyar fasahar zamani ta Legas ta shirya masa a 2014 da ya cika shekara 70, amma Legas ma ba Nsukka ba ce, balle Anyako.

Inda abin ya koma gida sosai shi ne wurin ɗalibansa. Ya riƙa tura su su bar kantin fenti mai tsada su duba abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu, kuma in sun samo su tara shi da yawa, don abu ɗaya shara ne, dubu kuwa magana ce. Nnenna Okore ta kama tsofaffin jaridu da igiya da buhun algarara. Eva Obodo ya kama gawayi yana ɗaure shi da waya, yana maganar mahaƙan kwal na Inugu. Ozioma Onuzulike ya kama yumɓu yana ƙera doya da ƙwaryar kwakwar manja, dubbai, yana saƙa su. Babu wanda ya kwafi murfin kwalba a cikinsu, kowa ya koma gonarsu ya ɗauko nasa.

A 'yan shekarun nan Anatsui ya buɗe wani ɗakin aiki a Tema, kusa da Accra, yana raba zamansa tsakanin can da Nsukka. Daga Tema, idan ka kama hanyar Aflao ta gabas, ka haye kogin Volta ta gadar Sogakope, ka kai Abor ka karya dama, hanyar za ta kai ka har inda ƙasa ta ƙare ruwan tafki ya fara. Nan ne Anyako, kuma har yau da rani ana kwasar gishiri.